Injiniya da Allo na Huɗu

Ka taɓa ganin mutumin da ya tasa lafiyayyen abu a gaba da gyara, bai ɗaga kai ba sai da ya kwantar da shi? In ba ka taɓa ba, gyara zama ka ji abin da Injiniya ya yi wa kwamfutar yayarsa.

Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya dawo daga wani kwas na sati biyu da filash, ɗan abin nan na ajiyar bayanan kwamfuta, rataye a wuya da igiyar takalmi. Tun daga ranar ba a sake hirar na'ura a layinsu an tashi lafiya ba. In rediyon tela ta yi shiru, Injiniya ya san dalili. In injin mai aski ya ɗau zafi, Injiniya ya san dalili, har da sunan dalilin da Turanci. Abu ɗaya ne dai ba a taɓa kama shi yana yi ba, wato gyarawa.

Yayarsa ce mai ofishin zanen gine-gine da ke tsakanin shagon tela da na mai aski, daura da rumfar wata mai gyaran waya. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofar gilashi da babbar taga, kuma duk ƙarfinsa yana kan tebur guda: kwamfuta mai alluna uku. Na hagu na taswira ne, na tsakiya na ginin da ake zanawa, na dama kuwa a tsaye yake kamar madubi saboda dogayen takardu. A ƙarƙashin teburin akwatin kwamfutar yake, a cikinsa da katin hoto, wani falle mai fankokin kansa, wanda shi ke ɗaukar nauyin juya gini a allo sumul ba gargada. Sai allo na huɗu, wanda aka saba mantawa da shi domin baya ya ba ɗakin: yana jingine a taga yana kallon titi, yana nuna wa masu wucewa gidajen da Yaya ta zana.

Yaya tana da wata ɗabi'a. Kowane kebul na bayan akwatin ta naɗa masa salatif mai launi, ja da kore da rawaya da shuɗi, ramin da yake shiga kuma ta ɗiga masa irin launin. Injiniya ya sha faɗa mata cewa wannan aikin 'yan firamare ne.

Wata uku ta yi tana zana ɗakin karatun wata makaranta. Ta haɗa bidiyo na minti biyar wanda mai kallo zai ji kamar shi ke tafiya a cikin ginin, daga ƙofa har saman bene. Ran nan da ƙarfe huɗu shugabar makarantar za ta zo ta gani. Jiya ta ga na wani ofishin, yau kuma za ta zaɓi wanda za ta ba aikin. Da safe aka kira Yaya ta je ta karɓo takardar awon filin a can ƙarshen gari, ba wanda za ta bar wa ofis sai ƙaninta.

“Zama kawai za ka yi,” in ji ta, tana rataya jaka. “In an zo ka ce ina hanya. Kada ka taɓa komai.”

“Ko maus, Yaya?”

“Ko ƙurar da ke kan maus.”

Ya yi mata rantsuwa har da dafa ƙirji. Ƙurar motar da ta shiga ba ta kwanta ba ya ciro filash ɗinsa ya sumbace shi.

Ga abin da ke ransa. Ya ji an ce a sabon ginin akwai ɗakin kwamfuta mai kujeru ashirin, kuma dole a nemi wanda zai haɗa su. A cikin filash ɗin nan kuwa akwai wata sabuwar babbar manhaja, irin wadda ke tuƙa kwamfuta gaba ɗaya, wadda ya yi wata guda yana wa'azinta a layi. In ya cire tsohuwar ya sa wannan, shugaba ta shigo ta ga kwamfuta na gudu kamar an biyo ta, za ta tambayi wane ne ya yi wannan aiki. Shi kuma zai sunkuyar da kai don kunya, ya bari Yaya ta nuna shi da yatsa. Har ya fara tunanin irin rigar da zai sa ranar buɗe gini.

Da yake alheri ba ya yi masa daɗi sai da 'yan kallo, ya fita ya sanar wa maƙwabta cewa nan da minti ashirin za su ga abin da ba su taɓa gani ba. Tela ya ce Allah ya ba da sa'a, da allura a bakinsa. Mai aski ya tambaya ko za a raba wani abu. Mai gyaran waya ce kaɗai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta tambaye shi ko ya bincika manhajar zanen Yaya tana aiki a kan sabuwar, ko sabuwar ta san katin hoton, ko kuma ya kwafi tsohuwar ya ajiye a gefe.

“Kwafi na matsorata ne,” in ji shi. “Ke dai ki ji da fasassun gilasan wayoyinki.”

“To, jarumi. Ina nan ba inda za ni.”

Ya koma ya cusa filash. Can kwamfuta ta tambaye shi ko a bar tsohuwar manhaja a gefen sabuwar, ko a share ta. Ya dubi tambayar kamar an zage shi. Shi ba mai rabin aiki ba ne. Ya danna sharewa, ya miƙe ƙafa, ya haɗa wa kansa shayi da ganyen Yaya na baƙi. Wata sa'a ya taka ba tare da ya sani ba: ayyukan Yaya a wani faifai daban suke, sharar ba ta kai gare su ba.

Minti arba'in sai ga alluna uku sun kawo, da hoton wani tsauni mai kyau. Injiniya ya tashi ya yi 'yar rawa shi kaɗai, ya zauna, ya kama maus. Ya tura kibiya hagu, sai ta ɓace, ta ɓullo a allon dama. Ya tura ta dama, ta leƙo daga hagu. Allon da ke tsaye kuwa ya kwantar da rubutunsa a gicciye, sai mutum ya ɗora kunne a kafaɗa zai karanta.

A haka tela ya leƙo neman aron almakashi, ya same shi da wuya a karkace. Ya tambaya ko kwanciya ce ta yi masa ba daidai ba. Injiniya ya ce ai sabuwar manhajar da gangan take haka, don motsa jijiyoyin wuyan ma'aikata, likitoci ne suka ba da shawara. Tela ya karkata nasa wuyan ya gwada, ya ce lallai ya ji wani abu ya yi ƙara, ya fita.

Gyaran wannan matsala jan hoton alluna biyu ne da maus a cikin saitin kwamfuta, bai kai minti ɗaya ba. Amma Injiniya mutum ne mai manyan dabaru. Tunda na hagu ya ɗauka shi ne na dama, ai sai a ɗauke shi a kai shi dama. Ya shige ƙarƙashin tebur ya zare kebul uku, ya ɓare salatif ɗin 'yan firamare ya manna a hannun rigarsa don bai ga kwandon shara kusa ba. Na huɗun, mai shuɗi, dogo ne ya bi ta ƙarƙashin darduma, ya ƙyale shi. Ya rungumi alluna ɗaya bayan ɗaya yana nishi, ya yi musu musayar wuri, ya zubar da rabin shayin a kan takalminsa.

Da ya zo mayarwa sai ya ga ramuka jeri biyu a bayan akwatin. Na ƙasa, masu ɗigon launi, su ne na katin hoto. Na sama kuwa sababbi fil, ba a taɓa sa musu komai ba. Ya girgiza kai don tausayin Yaya: shekara uku tana wahalar da tsofaffin ramuka ga sababbi suna zaune. Ya cusa duka ukun a sama. Da haka ya sallami katin hoton daga aiki, ya ɗora wa kwamfutar kayan da ba nata ba.

Ya kunna. Na hagu da na dama suka sake juyewa, kamar sun haɗa baki. Ya hau danna maɓallai biyu-biyu, uku-uku, wani ƙaramin akwati ya fito ya ɓace kafin ya karanta. Bai ga abin da ya canja ba. Abin da ya canja yana bayansa: daga wannan lokacin, duk abin da ke allon tsakiya, shi allo na huɗu ke nuna wa titi.

Ya nemi manhajar zanen Yaya, babu ita, ta tafi da tsohuwar. Ya samo ta ya ce ta shiga sabuwar, ta ce ba ta san wannan gidan ba. Sai ya tuna bidiyon. Ya lalubo shi ya kunna. Ƙofar ɗakin karatu ta fara buɗewa, ta tsaya, ta yi tunani, ta ƙara buɗewa kaɗan. Wata yarinya da Yaya ta zana tana hawa bene ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta bar ta a sama har Injiniya ya gama share gumi. Akwatin kuwa ya kama gurnani kamar injin niƙa.

Ƙarfe ɗaya saura. Ya buɗe wani dandalin intanet da ake tambaya ana amsawa, ya rubuta da manyan baƙaƙe: “Wani abokina ya canja babbar manhajar kwamfutar yayarsa, yanzu bidiyo ba ya tafiya. Ni na san maganin, amma ina so in ji ra'ayinku.”

Mai aski ne ya fara ganin rubutun a allon taga, ya fito zubar da ruwa. Ya karanta sau biyu, ya ajiye bokiti, ya kira tela. Tela ya kira mai gyaran waya. Wanda ake yi wa aski ya biyo su da rabin kai da tawul a wuya. Kafin minti goma an fito da benci biyu, mai sayar da ruwan sanyi ya dawo da amalankensa gefen taga, masu jiran mota sun bar mota ta wuce.

Injiniya ya ɗago ya hangi taro ta gilashi, duk sun zuba ido wajensa. Daɗi ya kama shi duk da halin da yake ciki. Ya leƙa da kai kawai ta ƙofa, ya ce su yi haƙuri, aikin ya shiga matakin da sai ƙwararru, saura ƙiris. Suka amsa da cewa ai suna gani. Ya ɗaga musu hannu kamar ɗan takara, ya rufe ƙofa.

Sunan dandalin yana nan ɓaro-ɓaro a saman allo, mai aski kuma yana da waya. Sai ga amsa ta shigo wa Injiniya daga wani mai suna Babban Masani: zafi ne ya yi wa kwamfutar abokinka yawa, ya buɗe gefen akwatin ya yi mata fifita sau ɗari, yana ƙirgawa da ƙarfi don kada ya zarce. Injiniya ya ce dama abin da ya yi zato ke nan. Ya yage murfin kwalin takarda, ya durƙusa, ya hau fifita. A waje jama'a suka taya shi ƙirga a hankali, mai rabin kai yana cizon tawul don kada dariya ta fito. Yarinyar bidiyo ta sauke ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar.

Tela ya karɓi wayar. Amsa ta biyu ta ce hoto kamar ruwan tanki yake, ba ya hawa sama, sai an ɗaga akwatin ya fi alluna tsawo. Injiniya ya ɗora kujerar baƙi a kan tebur, ya ɗora akwatin a kan kujera, kebul duk sun miƙe kamar igiyar shanya, shi kuma ya tsaya a gefe ya tallafe da hannu ɗaya yana danna maus da ɗayan.

A nan tausayin Yaya ya kama mai gyaran waya. Ta ciro tata wayar ta rubuta masa gaskiya: ka duba bayan akwatin, in ka sa kebul a ramukan sama ka mayar da su na ƙasa, na katin hoto, shi ke nan.

Injiniya ya karanta ya yi tsaki. Ya amsa da hannu ɗaya: “Wannan irin shawarar masu gyaran waya ce a bakin titi. Akwai wata a layinmu, haka take, ba ta san komai ba sai surutu.”

Dariyar da ta tashi a waje har gilashi sai da ya amsa. Mai gyaran waya ta mayar da wayarta aljihu, ta harɗe hannu, ta ce a matsa mata ta zauna a gaba.

Ƙarfe uku ya wuce. Hannun Injiniya ya sage, bidiyo na minti biyar ya ci rabin awa bai kai bene ba. Ya dubi agogo, ya dubi ƙofa, ya ga dai ba wanda ya san shi a dandalin nan. Ya sauke girman kai ya rubuta: “To, ba abokina ba ne, ni ne. Ban san komai ba. Kwas ɗin ma sati ɗaya na yi, na biyun na yi ta zuwa a makare har aka cire sunana. Yayata za ta dawo yanzu, wata uku ta yi tana wannan aikin. Don Allah a taimaka.”

Daidai lokacin Yaya ta sauko daga mota da takardar awo a hannu. Ganin taro a ƙofar ofishinta ta ɗauka gobara ce. Ta kutsa, ta tsaya gaban taga, ta karanta tun daga wani abokina har zuwa a taimaka. Da ta juya, sai ga wata dattijuwa a tsakiyar benci da tabarau a karan hanci da kofin ruwan sanyi a hannu. Shugabar makaranta ce. Ta zo da wuri don gudun cunkoso, tela ya ba ta wuri.

Yaya ta tura ƙofa. Injiniya, da kwamfuta a saman kujera a saman tebur, ya yi mata murmushi ya ce sannu da hanya, komai na tafiya yadda aka tsara.

“Wa ya tsara?”

“Wani sabon salo ne, Yaya. Saura ƙiris.”

“Shi abokin naka fa, ya samu sauƙi?”

Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar ƙafar yarinyar bidiyo. Ya tambaya wane aboki.

“Wanda aka cire sunansa a sati na biyu.”

Ta sa ya sauke akwatin, ta kama hannun rigarsa mai salatif, ta ja shi waje ta juya shi ya fuskanci taga. Ya ga rubutunsa, kowane baƙi kamar tafin hannu. Ya ga benci biyu. Ya ga mai aski yana ɗaga masa waya yana cewa Babban Masani na gaisuwa.

Yaya ba ta da lokacin faɗa, huɗu saura kwata. Ta dubi mai gyaran waya ta ce, “'Yar'uwa, don Allah.”

“Ni da ban san komai ba sai surutu?”

“Ki yi mini surutun a bayan akwatin nan.”

Mai gyara ta tashi. Ta ɓare salatif ɗin daga hannun rigar Injiniya ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko dubi fuskarsa ba, ta shiga ta durƙusa. Ɗigon launin Yaya suna nan a ramukan ƙasa inda aka bar su. Ta mayar da kebul uku, ta ja hotuna biyu da maus a cikin saiti, ta miƙar da rubutun allon dama. Gurnani ya tsaya. Ta kunna bidiyo, yarinyar nan ta haye bene da gudu kamar an tashi makaranta, titi ya ɗauki tafi.

Yaya ta fito ta roƙi shugaba ta shigo ciki ta gani a natse. Dattijuwar ta ce ina, ta samu wuri mai kyau, ba ta tashi. Haka aka nuna ɗakin karatun a taga, duk mutanen layin suka shiga ta ƙofarsa tare a cikin bidiyo. Shugaba ta tambayi dalilin da ya sa kantocin littattafan ƙasa gajeru ne, Yaya ta ce don ɗan aji ɗaya ya ɗauko da kansa. Ta tambayi tagogin sama, Yaya ta nuna mata yadda haske zai shigo ba tare da rana ta bugi takarda ba. Tela ya ce a ƙara labule. Mai rabin kai ya ce shi da a ce haka makarantarsu take da bai gudu ba. Aka sake kunnawa sau biyu.

Shugaba ta cire tabarau ta ce aikin na Yaya ne. Wancan ofishin, in ji ta, shayi kawai suka ba ta, nan kuwa har da wasan kwaikwayo. Sannan ta tambaya ko an san wanda zai haɗa kwamfutoci ashirin na sabon ginin.

Injiniya ya yi gyaran murya. Ya riga ya fara sunkuyar da kai don kunya, yadda ya tsara tun safe.

Shugaba ta miƙa wa mai gyaran waya katinta. Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa ta ce shi ma an gayyace shi ranar buɗe gini, amma zai bar abin wuyan nan nasa a wurin mai gadi.

Kwana biyu Yaya ta yi tana mayar da tsohuwar manhaja da kayan zanenta, Injiniya yana zaune a kujerar baƙi da hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyinsa, bisa umarni. A rana ta uku aka ji shi a shagon aski yana bayani cewa duk cikin dabara ce, ba ofishin da ya taɓa samun talla irin wannan kyauta, kuma shi ya jawo wa mai gyara aiki. Ba wanda ya musa masa. Sunan ne dai ya tafi. Yanzu in ya shigo layi, tun daga kwana ake yi masa sannu da zuwa, Wani Abokina.

Kai kuma da ka karanta, tashi yanzu ka leƙa bayan kwamfutarka. Ka naɗa wa kowane kebul launinsa, ka kwafi aikinka ka ajiye a gefe, ka ƙirga allunanka har da wanda ya ba ka baya. In kuma kana da ƙane mai filash a wuya, ranar da za ka fita ka tafi da maus ɗin a jaka.